Kibiyar da Ta Bi ta Ƙofar Tsohon Gidanmu

Aikin farko da na samu bayan bautar ƙasa a wani kamfani ne na Abuja, mai ba gwamnatoci shawara kan yadda gari zai shirya wa ambaliya da sauran masifun da sauyin yanayi ke jawowa. Sunan muƙamina a takarda dogo ne, sai ka ja numfashi kafin ka kai ƙarshensa. A aikace kuwa ni ne mai ɗaukar jakar laftof, mai riƙe bakin tef ɗin awo, mai tafinta, kuma ni ake aika neman ruwan sanyi idan mitin ya yi tsawo. Da kamfanin ya samu aikin Kafanchan sai aka tuna ni ɗan can ne. Aka ce na yi sa'a, zan koma gida. Abin da ba a faɗa ba shi ne an huta da nema mini ɗaki a otal.

Na sauka a wurin gwaggona, yayar babana, wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar mahaifiyata. Mama nake ce mata. Gidanta yana unguwar ƙasa, can gangare inda rafi ya ratsa bayan gidaje. Da rani rafin nan abin tausayi ne, leda da bawon rake sun fi ruwa yawa a cikinsa. Amma idan damina ta kankama, aka yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu, cikin ɗan lokaci zai taso ya cika gidajen mutane. A bangon ɗakin Mama akwai layi-layi na laka, kowane da shekararsa, na saman ya kusa kai ƙuguna. Ga shi gwiwarta ta hagu ta daina ba ta haɗin kai, daga ɗaki zuwa kicin sai ta dafa bango. Ranar da na sauka na kalli layin saman nan, na kalli gwiwar. Idan ruwan bana ya ɗara na bara, ba ta kuma fita da wuri ba, ba ta da ƙafar da za ta fitar da ita.

Shugabar tawagarmu wata mata ce da muke kira Madam. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba, amma ta san aikinta, kuma ba ta gajiya, wanda shi ne babban aibinta a wurina. Tun rana ba ta yi zafi ba muke fita. Mu shiga kwata mu auna faɗinta, mu leƙa ƙarƙashin kwalbati mu ga yadda shara ta toshe shi, mu bi gida-gida muna tambayar inda ruwa ya tsaya bara. Takalmin da na saya don zaman ofis mai sanyi bai yi wata guda ba ya buɗe baki. Mutane kuma sun gaji da irinmu tun kafin mu zo. Wani dattijo ya dube ni daga hula har takalmi ya ce wasu ma sun zo da irin rigar nan mai ƙyalli, sun auna, sun tafi, ruwa ne kaɗai ya dawo. Madam ta tambaye ni me ya ce. Na ce mata yana mana maraba.

Abin da muka tara shi nake shigarwa a kwamfuta, ita kuma ta fitar da taswirar gari mai launi uku. Kore inda ruwa ba ya kaiwa, rawaya inda yakan leƙa, ja inda yake kwana. Ni na shafa wa unguwar ƙasa janta da hannuna, har da rufin gidan da nake kwana a ciki. Na nuna wa Mama a waya. Ta matso da ita kusa da ido, ta nisanta, ta miƙo mini.

Ta ce, “To, duka makaranta da ka yi, shi ne ka gano ruwa yana shiga gida na? Da ka tambaye ni, da na gaya maka free.”

Gaskiyarta ce. Amma jan launi ba shi ne ƙarshen aikin ba. Abin da aka ɗauke mu mu yi shi ne mu faɗa wa kowace unguwa inda za ta nufa idan ruwa ya taso, da hanyar da za ta bi. Cocinmu yana cikin ja. Filin ƙwallo yana cikin ja. Wurin da ya fi kusa, yake kan tudu, yake da rufi da rijiya da makewayi, shi ne makarantar firamare ta unguwar sama, tsallaken layin dogo. Hanya ɗaya ce mai kyau zuwa can: a hau gangare, a ƙetare layin dogo, a bi titin da ya miƙe har ƙofar makarantar. Madam ta ce in ja kibiya a kan titin nan. Na ja ba da son raina ba, domin na san titin tun ban iya ɗaura wando ba. Gida na kusa da ƙarshe a hannun dama, a nan na girma.

Sai na ɗan koma baya, don wanda bai san yadda muka sauko ba. A da can muna unguwar sama, mu da Musulmi maƙwabta, katanga ɗaya. Shekarar da gari ya rikice, bayan ƙura ta lafa, kowa ya fara neman inda nasa suka fi yawa. Mijin Mama yana da wani abokin ciniki Bahaushe, mai gida a unguwar ƙasa, wanda shi ma hankalinsa ya daina kwanciya a inda yake. Matansu kuma rumfa ɗaya suke a kasuwa, Mama tana sayar da citta, Hajiya tana sayar da manja. Mazan suka zauna a gaban mai unguwa suka yi musayar gida, ka ba ni naka in ba ka nawa. Ba faɗa, ba zagi, har kura ɗaya ce ta kai kayanmu ƙasa ta dawo da nasu sama. Kowa ya yaba, aka ce sun yi hankali. Mazan duka sun riga mu gidan gaskiya. Mama ta sauya rumfa tun a lokacin, daga baya gwiwa ta hana ta kasuwar gaba ɗaya. Tun ranar kurar nan ba ta sake taka titin ba.

Na faɗa wa Madam wannan a gajarce, ina tsammanin za ta ce ba a kawo labarin gida cikin aiki. Sai ta rufe laftof ta saurare ni har na gama. Ta ce mu je mu duba ko akwai wata hanyar. Muka hau keke napep muka zaga. Akwai ɗaya ta bayan kasuwa, amma sai ta bi ta kan wani kwalbati da shi ruwa ke fara shanyewa. Akwai wata ta gefen gonaki, mai santsi da nisa, ko mai ƙafa biyu lafiyayyu sai ya yi da gaske. Muka dawo da rana tsaka, gumi ya jiƙa mu. Da a ce kuskure ne aka yi a taswirar da na ji daɗi, don kuskure ana gyara shi. Kibiyar daidai take, abin da ya fi gajiyar da ni ke nan.

Aka buga alluna masu koren fenti, kowane da kibiya da hoton mutum yana gudu, aka kafa su a kan hanya. Saura atisaye, wato a gwada fitar mutane tun ruwan bai zo ba. A tsarin da muka zo da shi daga Abuja, za a busa jiniya ba zato, mutane su fito da sauri, mu kuma mu duba agogo. Da na fassara wannan a mitin ɗin da aka tara fastoci da limamai da masu unguwa, sai aka fara kallon juna. Can mai unguwar ƙasa ya gyara zama ya ce in gaya wa Madam, a garin nan ba a gudu don wasa. Mutum ɗaya ya ruga a titi, kafin ka ce me an rufe kasuwa, iyaye sun bazama makarantu neman 'ya'yansu, wani ma ya ɗauko abin da ya ɓoye a ƙarƙashin gado. Balle a ce unguwa guda ta kwaso a guje ta nufi wata unguwar. Limamin unguwar sama ya gyaɗa kai, ya ce shi ma abin da ke bakinsa ke nan.

Haka aka yi atisayen gudun ruwa wanda aka hana gudu a cikinsa. Aka sanar a masallatai ranar Juma'a, aka sanar a coci-coci ranar Lahadi. Ba jiniya, ba ƙararrawa, ba usur. Wani mutum ne zai yi gaba da lasifika yana cewa gwaji ne, lafiya lau, kowa ya kwantar da hankalinsa. Madam ta mayar da agogonta jaka. Har mutumin da ke jikin allunan sai da wani dattijo ya nemi a sake zana shi yana tafiya a hankali, aka ba shi haƙuri.

Duk kwanakin nan ina fama da Mama. In na kawo maganar sai ta ce Ubangiji yana nan, shi ya fitar da ita bara. In ce mata Ubangijin ne ya ba ta tudu kusa. Sai ta ce yaushe na zama fasto. Na yi lallashi, na yi fushi, na ƙi cin tuwonta sau ɗaya, wanda ni kaɗai abin ya cuta. Daga ƙarshe shugabar zumuntar matan cocinmu ce ta zo ta ce duk matan za su fita da anko, kada a ga babu ita. Abin da digirina ya kasa, zane ɗaya ya yi shi.

Ranar atisayen da hantsi aka fito. Matan zumunta da ankonsu suna waƙa suna kaɗa kwarya kamar masu rakiyar amarya, maza a baya suna hirar taki, yara suna tsalle. Mutanen unguwar sama sun jera benci a makarantar, sun ajiye randunan ruwa. Na riƙe hannun Mama muka hau gangaren a hankali, tana jingina da ni, tana bin waƙar da ƙaramar murya. Raina ya fara sanyi. Da muka iso layin dogo sai ta saki hannuna, ta sami wani dutse a gefe ta zauna. Ta ce gwiwa. Na ce bari in tsayar da keke. Ta ce a'a. Na ce zan goya ta, ai ta goya ni. Ta ce in na taɓa ta sai ta tara mini jama'a. Mutane suna wucewa suna mata sannu, tana amsawa da fara'a, idonta yana kan titin da ya miƙe gabanta. Ta zauna nan har aka gama jawabi a makaranta aka juyo, ta bi ayari ta koma gida.

Kowa ya ce atisaye ya yi kyau, kuma ya yi. Mutanen da suka daɗe ba su ƙetare layin nan ba sun ƙetare, sun sha ruwa, sun dawo lafiya. Madam ta ɗauki hotuna, ni na rubuta rahoto. Babu inda zan sa tsohuwa ɗaya a kan dutse, ban kuma sa ba.

Da la'asar na same ta a tsakar gida tana kankare citta da guntun ƙarfe. Na zauna a kan turmi, raina a ɓace. Na ce mata babu wanda zai taɓa ta a can, ai ta gani da idonta, zamanin tsoro ya wuce.

Ta ɗago ta dube ni. “Tsoro? Ni? Wa ya gaya maka tsoro nake ji?”

Na ce to mene ne.

Ta ci gaba da kankara, sai can ta ce, “Hanya nan da ka zana, ta ƙofa na ya bi. Kai ka san ba a wuce ƙofa na mutum da ka sani ba ka gaisa ba. Ba haka na koya maka ba? To in na kai wurin, me zan yi? In tsaya a ƙofa da miji na ya sa da hannu nashi, in ce salama alaikum, akwai mutane a ciki? In jira a ce mini shigo?” Ta jefa cittar a kwano. “Yau ma da anko ne. Ranar ruwa fa? Zane a jiƙe, kaya a kai, ina ɗingishi. Hajiya ya fito ya gan ni haka.”

Makonni na yi ina auna faɗin titin nan, na san inda yake da rami da inda yake da tudu. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, don duk wannan maganar ruwa bai san ta ba.

Saura kwana kaɗan mu tattara, kamfani ya riga ya karɓi wani aikin a Kagarko. Washegari na ce wa Madam zan je duba alluna, na hau sama ni kaɗai. Gidan yana nan, an sake masa fenti, an ɗaga katanga. Ƙofar ce dai ba a sauya ba. Na tsaya a gabanta na yi sallama, muryata ta fito wata iri, sai a lokacin na ɗanɗana abin da Mama take nufi. Hajiya ta fito, ta tsufa, ta rame. Ta dube ni jim kaɗan, sai ta kira ni da sunan da ake tsokanata da shi ina yaro, ta ja ni ciki. Ta shimfiɗa mini tabarma a inda muke cin abinci a da, ta kawo kunun zaki. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi aiki, ta tambayi aure, na ba ta amsar da nake ba kowa.

Sai ta yi ƙasa da murya ta ce, “Jiya na tsaya a zaure tun da aka fara wucewa har aka ƙare. Ban gan ta ba.”

Na ce gwiwa ce ta hana ta.

Ta ce, “Uhm.” Ta gyara mayafi. “Ruwan har yanzu yana shiga ta ɗakin baya?”

Na ce yanzu ta ko'ina yake shiga, na nuna mata ƙuguna. Ta rufe baki da hannu. Ta ce wallahi lokacinsu iyakarsa idon sawu, kuma Alhajinta bai ɓoye wa mijin Mama ba, a gaban mai unguwa ya faɗa. Na ce mun sani, babu wanda ya taɓa cewa an cuce mu. Ta ce ita dai duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi abinci ba ya shiga bakinta, tana zaune a busasshen ɗaki tana lissafin inda ya kai a can. Ta sha yin niyyar saukowa, sai ta rasa da wace fuska za ta shiga.

Ta ce, “Ɗana, ka faɗa mata, in ruwa ya taso kada ta tafi wata makaranta ta kwana a kan benci. Ta zo nan. Ɗakinta yana nan, jikokina ne a ciki, sai in kwashe su. Kuma ba sai ta yi sallama ba.”

Na sauko gangaren da sauri, har na manta a garin da nake, sai da wani mai shago ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. A raina na gama tsara komai: lambar mai keken da zai ɗauke ta, maƙwabcin da zai buga mata ƙofa, jakar da za ta rataya a ƙusa da maganinta a ciki. Rabon da in ji sauƙi irin wannan tun ranar da na sauka.

Na same ta tana shanya cittar a kan buhu. Na faɗa mata komai, ban rage ba, har zancen zaure da na abinci. Ba ta katse ni ba. Da na kai wurin ɗakinta da jikokin, sai hannunta ya tsaya a kan buhun. Na ga idonta ya kawo ruwa, ta share da bakin zane, ta ce cittar bana akwai yaji.

Na ce, “To Mama, me zan ce mata? Za ki je?”

Ta ce, “Ka ce na gode. Ubangiji ya sa mata albarka, da yara duka.”

Na ce ba wannan na tambaya ba.

Ta ci gaba da baza cittar da tafin hannu, tana ware manya daga ƙanana. Sai ta ce, “Ka gaya mata, akwai ƙaramin gwata a bayan kicin, wanda ya bi ƙarƙashin katanga. Ganye na mangoro yana toshe shi. Ta sa yara su riƙa sharewa kafin ruwa, in ba haka ba ruwa zai kwanta a gindin bango, bango zai tsage. Ni kowane sati nake share shi.”

Na jira ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba. Na kai saƙon kamar yadda ta faɗa, kwana biyu bayan haka motar kamfani ta kwashe mu zuwa Kagarko, damina kuwa ko rabi ba ta yi ba.